Jagoran Tono Ƙasusuwan Dainoso a Duwatsun Elrhaz na Gadufawa

Gadufawa fili ne a hamadar Tenere ta Jamhuriyar Nijar, kimanin kilomita 150 gabas da birnin Agadas, kuma yana cikin wuraren da suka fi yawan ƙasusuwan dainoso a nahiyar Afirka. Duwatsun da ƙasusuwan suke kwance a ciki su ne masana ilimin ƙasa suke kira shimfiɗar Elrhaz, wadda ta taru kimanin shekaru miliyan 110 da suka wuce, a kashin farko na zamanin Kiretashiyos. A nan aka tono Ouranosaurus da Nigersaurus da Suchomimus, da kuma ƙaton kadan nan da ake kira Sarcosuchus. Wannan jagora zai bi aikin tono tun daga shiri har zuwa ajiya, domin ɗalibin da zai shiga tawagar bincike da duk mai son sanin yadda ƙashin da ke cikin dutse yake kaiwa ga gidan tarihi. Ƙa'idar da za ta riƙa dawowa a kowane mataki guda ɗaya ce: darajar ƙashi a wurin masana tana tare da bayanin inda aka same shi, da shimfiɗar da ya fito, da yadda yake kwance, don haka duk wanda ya ɗauke shi ba tare da wannan bayani ba ya zubar da mafi yawan abin da za a koya daga gare shi.

Mataki na farko: a san dutsen kafin a taka shi

Idan masana suka ce shimfiɗar dutse, suna nufin jerin duwatsu masu kama ɗaya da suka taru a yanayi ɗaya, waɗanda ake iya bin su a taswira a kuma bambanta su da na ƙarƙashinsu da na samansu. Elrhaz tana cikin rukunin duwatsun Tegama, a babban kwarin Iullemmeden wanda ya mamaye yammacin Nijar ya kuma leƙa Mali da arewa maso yammacin Najeriya. A ƙarƙashinta akwai shimfiɗar Tazole, a samanta kuma akwai ta Echkar. Mafi yawan Elrhaz dutsen yashi ne, kuma wanda ya dubi gefen dutsen da kyau zai ga siraran layuka masu karkata suna yanke juna, abin da ke faruwa idan ruwa mai gudu ya daɗe yana tura yashi gaba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa inda yake hamada a yau ƙasa ce ta manyan koguna a wancan zamani. Ragowar halittun da ake samu a ciki sun tabbatar da haka, domin ban da dainoso akwai kunkuru da kadoji iri-iri da haƙoran gaiwa da ƙasusuwan babban kifin nan Mawsonia.

Sanin cewa kogi ne ya tara yashin yana da amfani kai tsaye ga mai tono. Kogi yakan warwatsa gawa, ya tafi da ƙananan ƙasusuwa ya bar manya, ya kuma haɗa ragowar dabbobi daban-daban a lungu ɗaya, saboda haka ƙasusuwa biyu da aka samu kusa da juna ba dole ne su zama na dabba ɗaya ba. Sai gawar da yashi ya binne da sauri ce take zama a haɗe, gaɓa na bin gaɓa. Haka nan sanin iyakar shimfiɗar yana hana kuskure mai girma, domin Echkar da ke sama ta fi Elrhaz ƙuruciya da miliyoyin shekaru, kuma dabbobinta daban ne, irin su Rugops da Carcharodontosaurus. Wanda bai san a wace shimfiɗa yake tsaye ba zai iya mayar da dabbobin da ba su taɓa rayuwa a zamani ɗaya ba maƙwabtan juna.

Ya kamata kuma a karanta rahotannin waɗanda suka riga zuwa. Albert-Félix de Lapparent, wani malamin ilimin ƙasa Bafaranshe, ya yi yawon tattara ƙasusuwa a Sahara a shekarun 1940 da 1950. Bayansa masu neman yuraniyam na hukumar makamashin nukiliya ta Faransa suka ci karo da tarin ƙasusuwa a Gadufawa, abin da ya kai Philippe Taquet wurin, inda ya yi aiki daga 1965 zuwa 1972. Shi da France de Broin ne suka raɗa wa Sarcosuchus imperator suna a 1966, sannan a 1976 ya bayyana Ouranosaurus nigeriensis. Paul Sereno na Jami'ar Chicago ya jagoranci manyan tawagogi zuwa wurin a 1997 da 2000. Rahotannin waɗannan mutane suna nuna inda aka riga aka tona, da dabbobin da aka samu cikakku, da waɗanda har yanzu guntaye kawai ake da su, kuma da wannan ne tawaga take sanin abin da ya cancanci ta kashe ruwanta da lokacinta a kansa.

Mataki na biyu: izini, abokan aiki da guzuri

Ƙasusuwan Gadufawa dukiyar ƙasar Nijar ce. Ƙasar tana da dokar kare kayan tarihi ta 1997, kuma a 2006 ta sanya wuraren da ake samun ƙasusuwan dainoso a jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya. Ba a tono sai da rubutaccen izinin gwamnati, kuma fitar da ƙashi daga ƙasar domin nazari yana buƙatar yarjejeniyar da ta fayyace abin da za a fitar da yadda zai dawo. Hanyar da ta dace ita ce a ƙulla aiki tun da wuri da masana na cikin gida, kamar na Jami'ar Abdou Moumouni da na Gidan Tarihi na Boubou Hama da ke Yamai, sannan a sanar da hukumomin jihar Agadas da shugabannin al'umma. Ɗalibi ko mai sha'awa ba ya zuwa shi kaɗai, sai dai ya nemi gurbi a tawagar da ta cika waɗannan sharuɗɗa. Yanayin tsaron yankin yana sauyawa, manyan tawagogi sun saba tafiya da rakiyar sojoji, kuma hukuma ce take da ta cewa kan ko za a tafi ko a dakata. Jagororin Abzinawa da suka san rijiyoyi da hanyoyin rairayi ba a yin aikin sai da su, kuma sau da yawa su ne suke fara nuna inda ƙashi ya bayyana.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan damina zuwa lokacin sanyi, domin a bazara zafin Tenere yakan haura digiri 45. A lissafin guzuri ruwa ne a gaba, kuma sabon shiga yakan manta cewa filasta, wato farin garin da ake kwaɓawa a ɗaure ƙashi da shi, ita ma ruwa take sha, har ma a ranar da ake ɗaure babban ƙashi takan sha fiye da mutanen tawagar. Kayan aiki ba su da wuyar ganewa: diga da shebur na ɗauke dutsen sama, guduma da cizal, basilla da allurai, burushi manya da ƙanana, tef ɗin awo, kamfas, na'urar GPS, kyamara, littafin rubutu mai ƙarfin bango, buhunan garin filasta, buhunan algarara, takarda mai laushi, katako, tamfol, da sinadarin ƙarfafa ƙashi. Ba a shiga da mota ɗaya.

Mataki na uku: yawon dube

Mafi yawan kwanakin tawaga a kan tafiya da ƙafa suke ƙarewa. Ana jeruwa da ɗan tazara tsakanin mutum da mutum, ana tafiya a hankali idanu na ƙasa, kuma an fi gani da sassafe ko da la'asar, lokacin da hasken rana yake zuwa a karkace yana fitar da inuwar duk abin da ya ɗan taso. Da tsakar rana komai yakan zama launi ɗaya. A Gadufawa iska ce take yin rabin aikin, domin tana kwashe yashi mai laushi ta bar abu mai nauyi, shi ya sa ake iya samun jerin gaɓoɓin ƙashin baya a fili ba tare da an sa shebur ba. A 1997 babbar ƙumbar yatsan Suchomimus ce David Varricchio ya gani a saman ƙasa, kuma daga nan aka bi har aka fito da mafi yawan jikin dabbar, mai tsawon kusan mita 11. Amma iskar da take buɗe ƙashi ita ce kuma take cinye shi, kuma tudun rairayi yana iya rufe wurin da aka gani bana kafin a dawo baɗi.

Bambanta ƙashi da dutse yana zuwa ne da sabo, amma akwai alamomi. Ƙashi yana da ɓawo mai santsi a waje da ƙananan ramuka a ciki inda ya karye, alhali itacen da ya zama dutse yana nuna zare-zare dogaye a tsaye. Ƙashin da ya daɗe haka ya fi sabon ƙashi nauyi nesa ba kusa ba, domin ma'adinai sun cike ramukansa. Haƙora suna da sheƙi, kuma siffarsu tana faɗin mai su: mai kama da mazurari na kada ne ko na Suchomimus mai cin kifi, mai faɗi da kaifi da ƙananan tsini a gefe na mafarauci ne irin Eocarcharia, siriri ƙarami kuma na Nigersaurus ne. Faffaɗan ƙashi mai ramuka-ramuka a fuska ɗaya sulken bayan kada ne. Idan aka ga guntaye a warwatse, sai a bi su zuwa inda suka fi yawa da girma, ko zuwa sama idan wurin yana da gangare, har a kai inda ƙashin yake fitowa daga jikin dutse. Nan ne tushen, kuma guntayen da aka wuce a hanya ana tattara su daban da lambarsu, domin da yawansu za su koma mazauninsu a ɗakin gwaji.

Akwai tarko guda da ya kamata kowa ya sani. Ba duk ƙashin da ke saman Tenere ba ne na zamanin dainoso. A shekarar 2000 tawagar Sereno tana cikin neman dainoso ta ci karo da Gobero, wata tsohuwar maƙabarta a gefen tafkin da ya ƙafe, inda mutane suka zauna tsakanin kimanin shekaru 10,000 zuwa 4,500 da suka wuce, kuma aka ƙidaya kaburbura kusan 200. Ƙasusuwan irin wannan wuri suna cikin yashi maras ƙarfi, tare da fasassun tukwane da kayan aikin dutse da ƙasusuwan dorina da kifi. Wanda ya ga haka sai ya ɗauki hoto da lambar GPS, ya bar komai yadda yake, ya sanar da masana tarihin ɗan Adam, domin aikinsu ne kuma hanyarsu daban ce.

Bayan an samu wurare da dama sai a zauna a zaɓa, domin filasta da ruwa da kwanaki ba za su isa duka ba. Ƙoƙon kai yana gaban komai, sai gawar da gaɓoɓinta suke haɗe, sai dabbar da ba a da ita cikakkiya. A ganina, kuskuren da aka fi yi a nan shi ne bin girma. Ƙashin cinyar da ya kai tsawon mutum yana burge ido, amma sau da yawa ba ya ƙara wani ilimi, alhali ƙaramin kada irin Anatosuchus, wanda tsawonsa bai kai mita ɗaya ba, ya nuna wata hanyar rayuwa da ba a san da ita a waɗannan koguna ba.

Mataki na huɗu: rubutu kafin taɓawa

Kafin a kawar da ko tsakuwa ɗaya, ana ba wurin lamba, a rubuta ta a littafi tare da kwanan wata da sunan wanda ya gano shi da lambar GPS. Ana ɗaukar hoto daga nesa yadda za a gane wurin, da kuma daga kusa tare da ma'auni da kibiya mai nuna arewa. Sannan a bayyana dutsen: launinsa, girman ƙwayar yashinsa, ko akwai layuka masu karkata da inda suka fuskanta, ko akwai laka ko tsakuwa, da matsayin wurin a cikin shimfiɗar. Idan ƙasusuwan suna da yawa, ana kafa turaku a ja igiya a raba filin murabba'i-murabba'i na mita ɗaya, a zana kowane ƙashi a taswira da lambarsa da inda ya fuskanta da yadda ya karkata.

Wannan aiki yana gundurar mutane, musamman idan ƙoƙon kai yana leƙowa daga yashi kowa yana ɗokin ganin sauransa, amma taswirar ce daga baya za ta amsa tambayoyin da ƙashin ba zai iya amsawa ba. Idan dogayen ƙasusuwa duka sun fuskanci gefe ɗaya, ruwa ne ya jera su kuma an san inda ya nufa. Idan aka samu ƙashin cinyar dama guda biyu, dabbobi biyu ne aƙalla. Idan haƙoran mafarauci suna zube a tsakanin haƙarƙarin mai cin ganye, akwai yiwuwar an ci gawar kafin yashi ya rufe ta. Tono aiki ne da ba a maimaita shi, domin da zarar an ɗaga ƙashi tsarin da yake ciki ya rushe, sai abin da aka rubuta kawai ya rage. Saboda haka ana kwafe bayanan kowace rana a wuri na biyu.

Mataki na biyar: buɗe ƙashi da ƙarfafa shi

Ana fara ɗauke dutsen da ke sama da diga da shebur, a tsaya da ɗan tazara kafin a kai ga ƙashi, daga nan sai basilla da burushi. Ana tono daga sama zuwa ƙasa, kuma ana nisantar da bakin cizal daga ƙashin. Manufar a fili ita ce a san iyakar ƙashin da girmansa, don haka ba a tsabtace shi gaba ɗaya, domin dutsen da ke manne da shi kariya ne a gare shi har ya isa ɗakin gwaji. Ba a kuma jan ƙashi don a gwada ko ya saki.

Ƙashin da ya yi shekaru miliyan 110 a cikin dutse yakan fito da tsagogi, kuma da ya sha rana da iska sai ya fara marmashewa. Maganin wannan shi ne sinadarin Paraloid B-72 da ake narkarwa a asiton, wani ruwan sinadari mai saurin bushewa. Ana haɗa shi ya yi ruwa-ruwa domin ya shiga cikin tsagogi ya riƙe su, mai kauri kuma shi ake liƙa guntaye da shi. An fifita shi ne saboda ana iya sake narkar da shi idan bukata ta taso, abin da gam mai kamawa nan take ba ya bari a yi cikin sauƙi. A zafin Tenere asiton yana bushewa kafin ya shiga ciki, don haka a shafa da safe ko a ƙarƙashin inuwar tamfol, kuma kada a shafa a kan ƙashi mai danshi. Yana da kyau a ware ɗan guntu da ba a sa masa komai ba domin gwajin sinadarai nan gaba.

Nigersaurus ne ya fi koyar da haƙuri a wannan mataki. Tun a aikin Taquet aka samu ragowarsa, amma ba a raɗa masa suna ba sai a 1999, kuma wani ɓangare na dalilin shi ne raunin ƙasusuwansa. Gaɓoɓin bayansa iska ta fi ƙashi yawa a cikinsu, wasu ƙasusuwan kansa kuma sirara ne har haske mai ƙarfi yana ratsa su. Irin wannan ƙashi ba a buɗe shi a fili ko kaɗan fiye da abin da ya zama dole. Ana yanko shi ne da dutsensa gaba ɗaya.

Mataki na shida: rigar filasta

Ana haƙa rami kewaye da ƙashin, da tazarar da za ta bar dutse a gefensa, kuma a zurfafa shi ya wuce ƙasan ƙashin, har ya zama yana zaune a kan ginshiƙin dutse. Idan aka ci karo da wani ƙashin a cikin ramin, sai a faɗaɗa ko a nemi inda za a raba su, a kuma nuna rabuwar a taswira. Daga nan ana rufe duk ƙashin da ya bayyana da takarda mai laushi da aka ɗan jiƙa, a cike ramuka da ita, domin filastar da ta taɓa ƙashi kai tsaye ba ta rabuwa da shi sai da ɓarna.

Ana yayyanka algarara tsiri-tsiri masu faɗin tafin hannu, a jiƙa su a matse. Wajen kwaɓi, garin ake zubawa a cikin ruwa sannu a hankali har ya yi kaurin da zai kama zane, kuma a kwaɓa kaɗan-kaɗan, domin a zafi filasta tana daskarewa cikin mintoci kaɗan. Ana tsoma kowane tsiri a shimfiɗa shi a kan dunƙulen, kowane yana hawa gefen ɗan'uwansa, ana dannawa da hannu don kada iska ta maƙale, sannan shimfiɗa ta biyu ta gitta ta farko. Aikin daidai yake da ɗaurin karaya a asibiti. Ƙaramin dunƙule shimfiɗa biyu ko uku sun ishe shi, babba kuma yana buƙatar ƙari tare da katako da ake ɗaurewa a jiki don kada ya lanƙwashe. Dole rigar ta sauko ta naɗe gefen ƙasa, inda aka fara rarake ginshiƙin, domin wannan leɓen ne zai riƙe dutsen lokacin juyawa.

Juyawa ita ce lokacin da aka fi yin asara. Bayan rigar ta bushe sosai ana ci gaba da rarake ginshiƙin, a buga cizal a ƙarƙashi har dunƙulen ya saki, sannan a juya shi da motsi ɗaya, mutum ɗaya ne yake ba da umarni kuma kowa ya san inda zai sa hannu da inda zai janye ƙafa. Wanda ya yi shakka a tsakiyar juyi shi ne yake sa cikin dunƙulen ya zube. Bayan an juya, ana duba ramin ko wani abu ya rage, a rage dutsen da ya yi yawa a ƙasan dunƙulen don sauƙin nauyi, a rufe wannan gefen ma da takarda da filasta. Ana rubuta lambar wuri da ta ƙashi da kibiyar arewa da gefen da yake sama a jikin rigar, a wurare biyu aƙalla.

Mataki na bakwai: jigila

Dunƙule ɗaya yana iya kai ɗaruruwan kilo, kuma manyan tawagogi sukan fito da tan-tan na kaya. Ana ɗaga su da sarƙa da turaku uku ko a ja su a kan katako, a kwantar da su a kan tsofaffin tayoyi ko yashi a cikin mota, a ɗaure su yadda ba za su gogi juna ba. Kafin a tashi ana cike ramukan da aka tona, a kwashe ragowar filasta da shara, kuma jerin kayan da aka ɗauka ya dace da abin da ke littafi lamba bayan lamba, domin da wannan jeri hukuma za ta tantance su.

Mataki na takwas: ɗakin gwaji

Aikin mako ɗaya a fili yana iya zama aikin shekara a ɗakin gwaji. Ana yanke rabin rigar, a bar ɗaya rabin ya zama mazaunin ƙashin, sannan a riƙa cire dutse da allura da wata ƙaramar na'ura mai aiki da matsin iska, ƙarƙashin madubin ƙara girma, ana ƙarfafa duk abin da ya bayyana kafin a ci gaba. Ana rubuta duk sinadarin da aka sa. Ƙurar dutsen yashi tana illa ga huhu, don haka ana aiki da takunkumi da na'urar zuƙe ƙura.

A nan ne kulawar da aka yi a fili take biya. Don sake gina kan Nigersaurus, wanda aka bayyana dalla-dalla a 2007, an ɗauki hoton ƙasusuwan da na'urar CT, mai nuna cikin abu ba tare da an yanka shi ba, aka haɗa su a kwamfuta, sai ga baki mai faɗi da haƙora jere a gaba, fiye da 500 idan aka haɗa da waɗanda suke jiran gado a cikin muƙamuƙi. Da aka yanka haƙoran aka ƙirga layukan girma na kullum da ke ciki, an gano cewa kowane haƙori yana sauyuwa cikin kimanin kwana 14. Haka aka yanka sulken bayan Sarcosuchus aka ƙirga zoben girma na shekara-shekara, aka ƙiyasta cewa yana kai shekara 50 zuwa 60 yana girma. Tsawonsa kuwa an ƙiyasta shi mita 11 zuwa 12 a 2001, amma nazarin da ya biyo baya ya rage shi zuwa kimanin mita 9, kuma irin wannan gyara yana yiwuwa ne saboda ƙasusuwan suna ajiye da lambobinsu inda wani masani zai sake auna su.

Mataki na tara: tantance shekaru da ajiya

Gwajin kabon da mutane suka fi ji ba ya aiki a nan, domin iyakarsa kimanin shekaru 50,000 ce. Ya yi amfani a Gobero, amma ba ya cewa komai game da dainoso. Hanyar da ta fi daidai ga tsofaffin duwatsu ita ce auna yuraniyam da darma a cikin ƙwayoyin ma'adinin zarkon na tokar aman wuta da ta kwanta tsakanin shimfiɗu. Shekarun Elrhaz an ƙiyasta su ne galibi ta matsayinta a tsakanin shimfiɗun da ke ƙasa da sama, da kuma kwatanta dabbobinta da na wasu wurare, musamman arewa maso gabashin Brazil, inda su ma ake samun Mawsonia da ƙaramin kadan nan Araripesuchus da wani nau'in Sarcosuchus, kasancewar a lokacin Afirka da Kudancin Amurka ba su gama rabuwa ba. Irin wannan ƙiyasi yana iya sauyawa. Shimfiɗar Tiouraren da ke yankin Ingal, inda aka tono Afrovenator da Jobaria, an daɗe ana lissafa ta a farkon Kiretashiyos, sai wani nazari na 2009 ya mayar da ita tsakiyar zamanin Jurasik, wanda ya gabaci Kiretashiyos, bambancin da ya haura shekaru miliyan 20. Don haka mai rubuta rahoto ya faɗi hujjar da ya dogara da ita tare da adadin da ya bayar.

Idan nazari ya nuna cewa dabbar sabuwa ce, ana bayyana ta a mujallar kimiyya, a ayyana ƙashin da sunan zai rataya a kansa, kuma wannan ƙashi dole ya zauna a ma'ajiyar hukuma da masana za su iya kai wa gare shi. Ana ba kowane ƙashi lambar dindindin, a ajiye shi a kan mazauni mai laushi nesa da danshi, tare da kwafin taswira da hotuna da littafin fili. Don baje koli an fi amfani da kwafin da aka zuba a mazubi, saboda ya fi sauƙi kuma ba ya jefa ainihin ƙashin cikin haɗari. Ƙasusuwan da aka fitar waje domin gyara da nazari suna komawa Nijar bisa yarjejeniyar da aka sa wa hannu a mataki na biyu, tare da duk bayanansu, kuma wanda yake son ganin yadda aikin yake ƙarewa zai iya ziyartar sashen dainoso na Gidan Tarihi na Boubou Hama a Yamai, ko gidan tarihin halittu na birnin Venice a Italiya, inda aka kafa wani Ouranosaurus da aka tono a Gadufawa a farkon shekarun 1970.